Motar da Ba Ta Ci a Gaban Mutane

Ranar Lahadi kawai motata take mutuwa, kuma a wuri ɗaya, daidai wata tsamiya da ke hannun hagu a kan sabuwar kwaltar hanyar Roni. Sauran kwana shida lafiyarta ƙalau.

Shekarar da ma'aikata suka samu ƙarin albashin nan mai yawa ce. Motoci sun cika gari, mai kuma ya yi wuya, duk da ana cewa a ƙasarmu ake haƙo shi. Kamfanin da ke aikin hanya ya shimfiɗa kwalta miƙaƙƙiya wajen mil guda, ya tare bakinta da ganguna, bai buɗe ba tukuna. Ran Lahadi ma'aikatan kamfani ba sa zuwa, mai gadinsu kuma mutum ne mai son kallo. Sai direbobin tasha suka mai da wurin filin tsere. Mota biyu za su jera a kan wani kwalbati da ke farkon kwaltar, wani ya ɗaga hula ya saki, wadda ta riga kai wa wata kuka da ke ƙarshen kwaltar ita ta ci. Babu kwana, babu komai. Tsamiyar tana tsakiyar tafiya.

Sunana Muhammadu Lawal, bakanike ne ni, rumfata tana bayan tashar Kazaure. Mutanenmu Fulani ne na wajen Gwiwa. Fari ya cinye mana shanu shekara biyu kafin nan, sai Kawu, wan mahaifiyata wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, ya sayar da bijimai biyu cikin ɗan abin da ya rage, ya saya mini tsohuwar fijo, don in kama sana'ar da ba ta jiran ruwan sama. Wata uku na yi ina ɗaukar fasinja. Da tsere ya shigo sai na yi tunani, bakaniken da motarsa ta ci tsere a gaban direbobi ba zai rasa aiki ba. Na cire kujerun fasinja, na cire salansa, na ƙara mata kafireto na biyu. Babban tankinta ma na sauke shi saboda nauyi, na ɗaure tankin wani mataccen injin niƙa a but, mai cin galan biyu. Ƙarfen tokare bakin motar kuwa tun da aka saye ta babu shi, da kaina nake tokarewa in ina aiki, har gashin tsakiyar kaina ya fara kwanciya.

Tankin ba shi da murfi, tsumma nake cusawa. Wata ranar kasuwa Kawu ya biyo ta rumfata, ya ga tsumman. Bayan kwana bakwai ya dawo da murfi na icen aduwa da ya sassaƙa da hannunsa, ya naɗe shi da jan fatar akuya, ya ɗinke.

Ya ce, "Bijimai biyu ne a jikin abin nan. Cire tsumman."

Murfin ya zauna daram, sai an sa hannu biyu an murɗa yake fita. Daga ranar, duk zuwan da Kawu zai yi, sai mun gaisa ya zagaya bayan mota, ya ɗaga but, ya danna murfin da babban yatsa, sannan ya nemi wurin zama. A makon ne kuma na gama ɗaura kafireto na biyu, shi ya sa daga baya duk zargina ya tafi kan kafireto.

Lahadin farko aka haɗa ni da Abatcha, wani Babarbare direban Babura, mai kai 'yan hatsi bakin iyaka. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, Abatcha kuwa bai taɓa barin nasa kason ya kwana ba. Duk makon na yi ta tara mai a jarka, da muka jera a kwalbati na cika tanki har baki, na murɗa murfi. Aka saki hula. Na fita gaba, ina jin tsohuwar nan tana ihu kamar ba ita ba. Muna zuwa tsamiya ta yi tari sau biyu, ta shaƙe, ta yi shiru. Abatcha ya wuce yana ɗaga mini hannu.

Na sauko, na buɗe but, na murɗe murfi. Ya ce fuss. Na leƙa, mai cike. Na mayar, na shiga, na murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Na lallaɓa zuwa kuka inda jama'a suke.

Abatcha ya ce, "Ɗan Fulani, lafiya dai? Ko ta tsaya gaisawa ne?"

Na ce, "Wani abu ne kaɗan."

"Ai na gani. Kaɗan ne ƙwarai. Rabin mil."

Litinin na fara bi a hankali. Na duba fulogi, wuta tana zuwa shuɗiya. Mota in wuta ce ta ɗauke mata, ɗif take yi. Wannan kuwa jan numfashi take yi tana nema, kamar maraƙin da aka janye daga nono. Saboda haka na san mai ne ba ya isowa. Na wanke tankin sau uku ko akwai ragowar man injin niƙa. Na zare tiyo na busa da baki har na kwana biyu ina jin fetur a tuwo. Na canja robar famfon mai. Na wargaza kafireto biyun a kan faranti, na bi kowace 'yar huda da gashin jelar saniya. Ban ga komai ba.

Da na haɗa, sai in je gwaji bayan sallar asuba, kafin ma'aikatan kamfani su iso, da ɗan man da na samu, rabin galan ko ƙasa da haka. Ta wuce tsamiya ko kallonta ba ta yi ba, ta kai kuka. Na yi haka Laraba, na yi Juma'a. Mai gadi shaida ne.

Lahadi ta biyu na cika ta har baki. Ta mutu a tsamiya.

Wannan karon Abatcha da ƙafa ya dawo, jama'a na biye da shi. Ya zagaya motar, ya sa kunne a jikinta, ya miƙe yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Jama'a, na gano ciwon. Kada ku ga laifin yaron nan. Da kuɗin shanu aka saye ta, ko ba haka ba?"

Aka ce haka ne.

"To Bafulatana ce. Ba ta ci a gaban mutane. Ku tambaye shi, in su biyu ne da asuba ai tana cin abincinta."

Gaskiya ya faɗa. Daga ranar sunan motar ya koma Kunya. Lahadi ta uku kuwa, 'yan kallon da ke gindin tsamiya, wajen mutum talatin, suna hango mu tafe sai duk suka juya baya suka fuskanci gona, don a ba ta wuri. Ta mutu a bayansu.

Dariyar ba ta dame ni ba sosai. Abin da ya dame ni, a makon nan mota ɗaya ce tak ta shigo rumfata, ita ma inuwa ta zo nema. Direba zai rage gudu, ya ɗaga mini hannu, ya ce a gai da amarya, ya wuce wajen wani bakanike.

Labari ya kai wa Kawu a kasuwar Roni, ya aiko in zo. Ran Juma'a bayan masallaci na hau keke, don man da na tara na Lahadi ne. Na same shi a bakin ruga yana tufka igiya, sandar kiwona ta dā tana jingine a jikin bishiya kusa da shi. An goge ta da man shanu.

Bayan mun gaisa ya ce, "An ce dabbar taka tana da kunya."

"Wasan Barebari ne, Kawu."

"Na san wasan Barebari. An ce kuma ba a kawo maka gyara."

Ya ajiye igiyar.

Ya ce, "Damina ta kusa, za a fitar da shanu daga gonaki. Ni kuwa gwiwa sai dai sunan gari. Jibi zan zo in gani da idona. Ban ce ka riga Babarbare ba. In ta kai kukar nan da ake faɗa, ka zauna a kan sana'arka. In ta tsaya a tsamiya, a sayar da ita a sayi maruƙa, ka dawo. Ga sandarka nan."

Na ce to. Ba na ƙin shanu, har yanzu ina sanin kowace da sunanta. Amma hannuna ya riga ya saba da sifana, kuma in na kwanta ƙarar inji nake ji a kaina.

Na zagaya wajen yayata, Adda Tasalla. Tana zaune a kan tabarma da gorar kaɗa nono a cinya, tana jijjigawa. In ta jijjiga kaɗan sai ta tsaya, ta murɗa murfin gorar, ya ce fuss, ta mayar ta ci gaba. Murfin icen aduwa ne da jan fata, ɗan'uwan nawa sak.

Na ce, "Adda, me ya sa kike buɗewa?"

Ta dube ni. "Lawwali, shekara nawa ka yi kana shan nono a gidan nan?"

"Sha kawai nake yi."

"An gani. In ban buɗe ba gora ta tsage. Murfin Kawu ai ko numfashi ba ya bari ya wuce."

Da man shanu ya taru ta kwashe, ta ɗauko ƙwarya za ta zuba mini. Ta kifa gorar da sauri, nono ya fito kaɗan, ya ce ɓul, ya tsaya a wuya. Ta ɗan kwantar da ita, sai ya zubo sumul.

Na ce, "Yanzu kuma me ya tsayar da shi?"

"Wai a Kazaure ba a koya muku komai ne? Sai iska ta samu hanyar shiga nono yake fita. Riƙe ƙwaryar da kyau, kana zubar mini a tabarma."

Na riƙe ƙwaryar, amma na daɗe ban sha ba.

Asabar bayan asuba na kai motar kwalbati. Babu kowa sai mai gadi, shi ma na roƙe shi ya shiga ɗakinsa. Na juye man Lahadi na cika tanki har baki, na murɗa murfin Kawu, na taka totur. Ta mutu a tsamiya, ba mai kallonta. Na tsinci gashin kaza a bakin hanya, na riƙe shi kusa da wuyan tankin, na murɗe murfin a hankali. Ya ce fuss, gashin ya lanƙwasa zuwa ciki. Gorar Adda fitar da iska take yi, tankina kuwa neman ta yake.

Sai komai ya jeru. In mai kaɗan ne, sauran tankin duk iska ce, famfo yana ja ba ya jin komai. In na cika har baki na toshe, babu iska a ciki, babu kuma hanyar shigarta, kafireto biyu suna zuƙa, kafin rabin mil famfo ya kasa janyo ko ɗigo. Duk mutuwar da ta yi kuma, abu na farko da nake yi shi ne in buɗe murfi in duba mai. Wato da hannuna nake ba ta magani, sannan in koma rumfa in yi kwana shida ina neman ciwon.

Na sake cikawa, na cusa tsumma. Ta kai kuka har da saura.

Tsumma ya isa ya raba gardama. Amma gobe Kawu zai ɗaga but ya miƙa babban yatsa. Ina kuma iya gasa ƙusa in huda murfin, aikin minti biyu ne. Na gasa ƙusar ma har ta yi ja. Na tsaya ina kallon ɗinkin fatar, ƙanana a jere, ga mutum idonsa ya fara rauni. Ƙusar ta huce a hannuna. Na sa murfin a aljihu na sake hawa keke zuwa Gwiwa.

Kawu ya saurare ni har na gama, yana jujjuya murfin a tafin hannu.

Ya ce, "Wato murfina ne."

"Kyau ne ya yi masa yawa, Kawu."

"Ban tambaye ka kyau ba."

"Shi ne, Kawu."

Ya sake juya murfin. Can ya ce, "Saniya in ta ci gyauro cikinta ya kumbura, hudawa muke yi iska ta fita."

"Wannan shiga take so ta yi."

"Komai na birni a juye yake." Ya sa murfin a aljihun rigarsa. "Bar shi nan. Gobe na taho da shi."

Bai ce zai huda ba, bai ce ba zai huda ba. Ya miƙe zai je wajen shanu, sai da ya dafa bishiya, ya dafa gwiwa, sannan ya tsaya daidai. A nan na gane abin da na yi. Na ɗauki hukuncin na sa a aljihun mutumin da ya fi kowa bukatar motar nan ta tsaya a tsamiya.

Adda ta raka ni bakin hanya. Ta ce, "Da ka huda abinka ka yi shiru, wa zai sani?"

Na ce, "Yatsansa."

Ta ce, "To sai ka fara tuna sunayen shanu."

Lahadi bayan la'asar jama'a sun fi na kullum, don an ji Kawu zai zo. Ya sauko daga bayan wata a-kori-kura, da malafarsa, da sandar nan a hannu. Abatcha ya taho da sauri ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce, "Baba, kun zo biko ne? Wallahi ba mu yi mata komai ba, har baya muke juya mata."

Kawu ya ce, "Na ji. Mun gode. Ba mu san Barebari sun fara gane kunya in sun gan ta ba."

Aka yi dariya, Abatcha ya fi kowa.

Na cika tanki har baki. Kawu ya zagayo, ya zaro murfin daga aljihu, ya sa da kansa, ya murɗa da hannu biyu, ya danna da babban yatsa. Na kalli saman murfin, na kalli gefensa. Ban ga huda ba. Ɗinkin yana nan yadda na san shi. Tsumman yana cikin aljihun wandona, Kawu kuma ya juya yana kallon gabas, kamar mai ba ni wuri. Na rufe but.

Aka saki hula. Na fita gaba kamar kullum. Na sa giya ta biyu, na sa ta uku. Na hango tsamiya, na hango mutanen gindinta suna juya baya ɗaya bayan ɗaya. Ƙafata da kanta ta sassauta totur, don ta saba a nan ake tsayawa. Ina jiran tarin nan biyu.

Ba ta yi tari ba. Da na farga na sake takawa, Abatcha ya riga ya shiga gabana. Muka isa kuka yana gaba da tsawon mota guda. Mutanen tsamiya su kaɗai ne ba su ga wucewarta ba, aka ce sun daɗe suna fuskantar gona suna jiran shiru.

Abatcha ya fito yana share gumi. Ya ce, "Ɗan Fulani, me ka ba ta?"

"Iska."

"Kar ka faɗa in ba ka so. Gobe zan kawo tawa ka duba mini, tana shan mai kamar ba a layi nake samowa ba."

Na ɗaga but, na murɗe murfin. Wannan karon bai ce fuss ba. Na juya shi a rana, sai na gani. An warware ɗinkin gefe ɗaya, an huda icen da basilla mai zafi, a karkace don kada ƙura ta shiga, an mayar da fatar ta rufe bakin hudar sako-sako, an sake ɗinkewa a ramukan dā. Ba aikin minti biyu ba ne.

Kawu ya ƙi hawa motar kowa, da ƙafa ya taho daga kwalbati. Muka tsaya muna jiransa, ya ɗauki lokaci. Da ya iso tsamiya ya ɗan tsaya ya dube ta, sannan ya ci gaba.

Ya ce, "Babarbare ya riga ka."

"Ya riga ni, Kawu."

"Amma wannan ce kukar?"

"Ita ce."

Ya ɗaga kai ya dube ta sama da ƙasa. "Na ɗauka ta fi haka girma."

Na ɗaga bakin motar don inji ya sha iska, na tokare da kaina kamar yadda na saba. Kawu ya tsaya yana kallona a haka. Sai ya matso, ya ce in janye kaina, ya kafa sandar a wurin. Ta yi daidai, ko yanka ba ta bukata.

Na ce, "Shanun fa, Kawu?"

"Bakwai ne. Su ma ba gudu suke yi ba."

Ya leƙa cikin motar, ya ga babu kujera sai tawa, ya jawo jarkar da babu komai a ciki ya zauna a kai, ya ɗora malafa a cinya. Ya ce in injin ya gama shan iskarsa in kai shi tasha, kuma in tafi a hankali.